Waiwaye: Ƙofar Gareji da Mai Izinin Buɗe Ta

A ƙarshen watan Oktoban 2023 ne kamfanin Chamberlain, babba a cikin masu ƙera injinan ɗaga ƙofar gareji a Amurka, ya fito fili ya ce ya toshe hanyar da manhajojin da ba nasa ba suke bi su yi magana da tsarinsa mai suna myQ. Hujjarsa ita ce wasu 'yan tsiraru, kimanin kashi 0.2 cikin ɗari na masu amfani da tsarin, su ne suke cika masa kwamfutoci da saƙonni. Waɗannan 'yan tsirarun ba ɓarayi ba ne. Masu gidaje ne da suka sayi inji da guminsu, suka rataye shi a rufin garejinsu, suka haɗa shi da Home Assistant, manhajar kyauta da ake tafiyar da fitilu da ƙofofi da sauran kayan gida da ita. Kafin shekarar ta ƙare masu Home Assistant suka cire myQ daga manhajarsu baki ɗaya. Sun bayyana cewa kamfanonin da aka yarje wa shiga tsarin kuɗi suke biya, su kuwa ba za su biya don mai gida ya buɗe ƙofar gidansa ba.

Wanda bai zauna a can ba zai iya ɗaukar abin da sauƙi. A unguwannin bayan gari na Amurka, ƙofar gareji ita ce ƙofar gida ta haƙiƙa. Ta nan ake fita aiki, ta nan yara suke shigowa daga makaranta, ƙofar gaba kuwa sai baƙo. Ƙofa ce mai faɗi da take hawa sama a kan dogo biyu ta kwanta a ƙarƙashin rufi, inji yana jan ta da sarƙa ko da bel. Idan ka danna manhajar kamfani kana tsaye a tsakar gidanka, saƙon sai ya fita ta intanet ya je kwamfutocin kamfanin, su duba su amince, sannan ya dawo wa injin da bai fi taku goma tsakaninku ba. Duk ranar da mai waccan kwamfutar ya sauya ra'ayi, to ƙofarka ma ta sauya hali. Hausawa sun riga sun faɗa, zanen aro ba ya rufe katara.

Rigimar ba a ranar ta fara ba. Tun 1926 C. G. Johnson ya ƙera injin lantarki na ɗaga ƙofar gareji a Hartford City ta jihar Indiyana, kuma shekaru da dama babu wanda ya yi tunanin akwai wani mai iko da ƙofar ban da mai riƙe da rimot. A 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a shari'ar da Chamberlain ɗin ya kai kamfanin Skylink saboda yana sayar da rimot mai buɗe injinansa. Kotu ta ba Skylink gaskiya, ta ce wanda ya sayi inji yana da damar amfani da shi. A watan Afrilun 2017 kuma mai wani ƙaramin kamfani da ake kira Garadget ya yanke na'urar wani mai saye daga kwamfutarsa saboda mutumin ya rubuta kakkausan suka a Amazon. Ya mayar masa bayan an yi ca a kansa, amma kowa ya ga inda igiyar take ɗaure.

Ni rikicin 2023 bai taɓa ni kai tsaye ba, domin injin gidan da nake zaune tsohon yayi ne, ba ruwansa da intanet. Abin da ya yi mini shi ne ya sa na fasa sayen na'urar kanti da nake shirin saya, na zauna na haɗa tawa. Yau da nake waiwayen aikin, na ga ashe ɓangaren da na ɗauka shi ne aikin, wato sa ƙofa ta motsa daga wayar hannu, shi ya fi kowane sauƙi.

Tsohon inji ba shi da wani sirri. Madannin da yake jikin bango wayoyi biyu ne kawai suka taho daga injin, idan ka danna sai su haɗu, injin ya ji ya tashi. Saboda haka abin da kake buƙata shi ne wani abu da zai haɗa wayoyin nan na rabin sakan ya saki. Rile ke nan, ɗan makunnin da lantarki yake dannawa. Mai ba rile umarni kuma ɗan allo ne mai ɗauke da ESP8266, ƙwaƙwalwar lantarki mai Wi-Fi da kamfanin Espressif na Shanghai ya fito da ita a 2014, ko ƙanenta ESP32 da ya biyo baya a 2016. Kuɗinsu 'yan daloli ne. Ka ɗora masa manhajar ESPHome, ka rubuta 'yan layuka kana gaya masa wace ƙafa ce ta rile, ka ba shi bolt 5 daga cajar waya, ka gama. Saƙo yana tashi daga wayarka ya bi Wi-Fi ɗin gida ya isa, bai leƙa ko'ina ba. Ko intanet ta ɗauke yana aiki.

Injinan Chamberlain da LiftMaster masu rawayan madanni, waɗanda suka fara fitowa a 2011, su ba sa jin wannan dabara, domin abin da yake bin wayar bangonsu saƙo ne a ɓoye cikin lambobi, haɗa waya da waya ba ya motsa su. Wasu sukan ɗauko rimot na biyu su like wayoyin rile da dalma a ƙafafun madanninsa. Wani ma'aikacin kwamfuta mai suna Paul Wieland shi ya zauna ya warware yaren wayar, ya fito da ɗan allon da ake kira ratgdo, kuma bayan toshewar 2023 jama'a suka yi rububinsa har sai da aka riƙa jiran layi.

Matsala ta farko ta gaske ita ce madannin guda ne. Ka danna ƙofa ta tashi, ka sake ta tsaya, ka sake ta sauka. Injin ba ya gaya maka inda take. Idan kana wurin aiki ka danna da niyyar rufewa alhali a rufe take, ka buɗe gidanka ke nan ka bar shi. Dole na'urar ta san halin da ƙofa take ciki kafin ta taɓa rile. Na yi amfani da makunnin maganaɗisu guda biyu, irin wanda ake sa wa tagogi don ƙararrawar ɓarayi: ɗaya a inda ƙofa take tsayawa in ta rufe ruf, ɗaya a inda take kaiwa in ta buɗe duka, maganaɗisun kuma yana manne a jikin ƙofar. Idan babu wanda ya ji shi a cikinsu, to ƙofa tana tafiya ko ta maƙale a tsakiya, wannan ma labari ne da mai gida yake buƙatar ji. Na'urar OpenGarage wata hanya ta bi, tana harba sauti daga rufi ta auna nisan abin da ya dawo da shi, da haka take bambance ƙofa da mota da ƙasa. Dabara ce mai kyau, amma ni na fi natsuwa da maganaɗisu, don ƙura da yanar gizo-gizo ba sa ruɗa shi.

Matsala ta biyu ita ce wadda na fi so mai karatu ya riƙe, musamman wanda yake inda ake yawan ɗauke wuta. A lokacin da ESP8266 yake farkawa, wasu ƙafafunsa sukan yi ɗan motsin lantarki kafin manhajar da ka rubuta ta karɓi ragama. Idan rile yana kan irin wannan ƙafa, duk lokacin da aka kawo wuta zai yi ƙas sau ɗaya, ƙas ɗin nan kuwa a wurin inji danna madanni ne. Ana iya kawo wuta ƙarfe uku na dare ƙofa ta tashi, kowa yana barci. Masu harkar sun san ƙafafun da ba sa wannan halin, GPIO4 da GPIO5, kuma a kansu ake ɗora rile, a kuma gaya wa manhaja cewa kullum ta farka da rile a sake. Kafin na haɗa ko waya ɗaya da injin, sai da na ajiye allon a kan tebur ina zare caja ina mayarwa, kunnena a kan rile. Gwaji ne da ba ya cin ko sisi.

Sai maganar akwati, wadda a da nake ganin ado ce.

Allon lantarki tsirara ba ya daɗewa a gareji. Akwai ƙura, akwai damshi, akwai ƙwari, ga jijjigar inji kullum safe da yamma tana sassauta duk abin da ba a ɗaure da kyau ba. Akwatin ƙarfe ba zai yi ba, domin zai toshe Wi-Fi. Akwatin roba na kanti yana yi, sai dai ka yi ta huda shi kana cusa kaya yadda ya samu. Firintar 3D ita ta ba ni damar in yi wa allon gida daidai jikinsa. Injin yana narka zaren roba ya fitar da shi ta bakin da bai wuce milimita 0.4 ba, yana shimfiɗa shi hawa bisa hawa, kowane hawa kamar milimita 0.2, har siffar ta tashi. Shekaru ashirin da suka wuce sai manyan masana'antu suke da irinsa. Aikin RepRap da Adrian Bowyer ya faro a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, da ƙarewar wa'adin haƙƙin mallakar fasahar a 2009, su suka sauko da shi har ya zo teburin talaka. A Amurka ma ba sai ka saya ba, ɗakunan karatu na gwamnati da yawa suna da shi, ka kai zanenka ka biya kuɗin roba.

Zaɓen robar shi ne hukunci mafi girma. PLA ita ce kowa yake fara koyo da ita, tana fita sumul ba gardama, amma tana fara laushi da zafi ya kusa digiri 60. Ƙarƙashin rufin gareji a tsakiyar bazara, kusa da inji da ƙwan fitilarsa, ba wurin da za ka amince mata ba ne. Ba narkewa take yi ta zube ba. A hankali take saki, kunnen da aka ɗaura da noti ya lanƙwashe, murfi ya daina kamawa, wata rana ka tarar da allo yana reto a jikin wayoyinsa. PETG tana jurewa har wajen digiri 80, ita na ɗauka. ABS ta fi ta juriya amma tana wari kuma tana kantarewa wajen bugawa, ASA kuwa ita ce ta wurin da rana take duka kai tsaye.

Zanen kansa ya koya mini haƙuri irin na tela. Na auna allon da ma'auni mai nuna ɓurɓushin milimita, na zana a manhajar FreeCAD, na bar tazarar milimita 0.2 zuwa 0.3 a duk inda abu zai shiga cikin abu, domin roba takan ɗan kumbura kuma rami kullum yakan fito ya fi zanensa ƙanƙanta. Kafin a buga akwati gaba ɗaya, hikima ce a fara buga ɗan yankin da ramin caja yake, a gwada, a gyara. Abin da aka buga hawa-hawa kuma ta tsakanin hawan yake tsagewa, saboda haka kunnuwan ratayewa sai a kwantar da su yadda nauyi zai bi tsawon zaren, kada ya raba shi. Ban murɗa sukurori a cikin roba kai tsaye ba, na dasa ƙananan notin tagulla da ake turawa da zafin ƙarfen dalma, don roba ba ta jure yawan murɗa sukurori a murfin da za a riƙa buɗewa. Ramukan iska suna kallon ƙasa, ƙura ba ta samun wurin zama. Gefen da eriyar allon take na nisantar da shi daga ƙarfen injin. Kowace waya kuma kafin ta fita sai ta bi ta wani ɗan wuya da aka ɗaure ta a ciki, yadda ko an fizge ta akwati ne zai ji, dalmar ba za ta ji ba. A jikin murfi na sa an buga sunan kowace waya, saboda wanda zai buɗe shi bayana ba lallai ni ba ne.

Abu ɗaya na ƙi yarda ya shiga akwatin, wato wutar bango. Robar da ake bugawa a gida galibi ba a gwada ta a kan gobara ba, kuma tana ci da wuta. Caja mai inganci tana waje a soket ɗinta, abin da yake shiga ciki bolt 5 ne kawai. Ina ganin masu cusa ƙaramar taransifoma a cikin akwatin da suka buga don ya yi kyan gani, kuma raina ba ya kwanciya da hakan ko kaɗan.

A nan ne tunanina game da kamfanoni ya ɗan daidaita. Ina nan a kan bakana cewa ba daidai ba ne a sayar wa mutum inji sannan a riƙe masa linzami. Amma da na zauna ina rubuta umarnin rufe ƙofa daga nesa, sai na tarar akwai wani nauyi da kamfani yake ɗauke da shi wanda ban taɓa lura ba, kuma yanzu ya dawo wuyana. Ƙofar gareji ta mota biyu takan haura kilo 60, wasu sun wuce 100. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga a 1996 ya ƙirga aƙalla yara 85 a Amurka da suka mutu ko suka samu lahani na dindindin a ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin irin waɗannan ƙofofi tun daga 1974. Saboda irin waɗannan yaran majalisar ƙasar ta yi doka a 1990, kuma daga 1 ga Janairun 1993 duk injin da aka ƙera sai yana da kariya ta biyu, wadda galibi ita ce idanu biyu na haske da ake kafawa a gefen ƙofa, ba su fi inci 6 daga ƙasa ba. Abu ya gitta tsakaninsu, ƙofa ta fasa sauka. Ƙa'idar UL 325 kuma ta ce duk na'urar da za ta rufe ƙofa ba mai kallo, sai ta yi ƙara ta walƙa fitila na sakan 5 kafin ƙofar ta motsa.

Babu sufeton da zai zo ya duba ɗan akwatina. Ba wanda zai hana ni tsallake wannan gargaɗin. Amma yaron maƙwabta da ya biyo ƙwallonsa bai san cewa na'urar ta gida ce ba, kuma ƙofar ma ba ta sani ba. Na ƙara ɗan ƙaramin mai ƙara da fitila, na sake zana murfin don su samu mafita, na rubuta cewa in an ba da umarnin rufewa a fara kuka da walƙiya tukuna. In ƙofa ta yi yunƙurin rufewa ta koma, na'urar ba ta naci, saƙo take aiko mini. Idanun haske ban taɓa su ba, madannin bango yana nan yana aiki ko da allona ya mutu, jar igiyar da ake ja a saki ƙofa da hannu ita ma tana inda take. Sifirin ɗin da yake saman ƙofa, wanda shi ne ainihin mai ɗaukar nauyinta, wannan aikin masu sana'ar ne, yana ɗaure da ƙarfin da zai iya karya hannu. Duk wata kuma nakan kwantar da guntun katako mai kaurin inci ɗaya da rabi a ƙarƙashin ƙofa in rufe, in ga ta taɓa shi ta koma sama.

Tsaro daga ɓarawo shi ma ya dawo hannuna. A 2015 wani mai binciken tsaron kwamfuta mai suna Samy Kamkar ya nuna yadda ya sauya wani abin wasan yara na Mattel mai suna IM-ME ya zama mabuɗin ƙofofin da rimot ɗinsu yake da lamba ɗaya tak da ba ta sauyawa. Masu 'yan makunnai 12 lambobi 4,096 kawai suke da su, kuma cikin ƙasa da sakan 10 yake zagaye su duka. Wanda ya haɗa na'urarsa ya bar ta ba kalmar sirri, ko ya buɗe mata hanya kai tsaye zuwa intanet don ya riƙa dannawa daga ofis, ya koma wancan zamanin da ƙafarsa. Tawa ba ta magana da kowa sai kwamfutar gida, saƙonninta a kulle suke, in ina waje kuma ta rufaffiyar hanya nake shigowa.

Kwanakin baya ƙanena da yake Kano ya kira ni. Ya sa wa get ɗinsa inji mai jan shi gefe, irin waɗanda suka fara yawa a sababbin unguwanni, ya ji labarin abin da na haɗa.

"Yaya, wannan abin naka zai yi aiki a get?"

Na ce zai yi, domin yawancin injinan get suna da wuri biyu a allonsu da in ka haɗa su get zai motsa, rile ɗaya ya isa. Sai dai na lissafa masa abin da ya bambanta. Zafin Kano a watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a jikin ginshiƙin da rana take duka, don haka PLA ba ta cikin lissafi, ASA zai nema, mai haske ba baƙa ba, a kuma kafa ta inda ruwan damina ba ya bugu. Ƙurar hunturu za ta nemi kowane rami. Wuta kuma tana tafiya tana dawowa, ga sauyi daga ta gwamnati zuwa janareta ko sola, saboda haka gwajin zare caja da mayarwa a wurinsa ya fi zama dole fiye da a wurina. Sannan na tambaye shi ko mai sa injin ya kafa masa idanun haske.

"A'a, ya ce sai an ƙara kuɗi, na ce a bari tukuna."

Yaransa uku, ƙaramar ba ta daɗe da fara tafiya ba, kuma a bakin get ɗin suke wasa da yamma. Na ce masa zan aiko da allon da zanen akwatin, amma sai ranar da ya turo mini hoton idanun a kafe, ya kuma tsaya da kansa ya sa bokiti a hanya ya ga get ɗin ya tsaya. Ya ce zai kira mai aikin ranar Asabar.